Tarin da Aka Goge daga Darasin Numfashi

Jiya na kunna wa ɗalibaina bidiyon darasin numfashi, na tsaya a bayan aji ina jiran wurin da Bilkisu take tari. Wurin ya zo, ya wuce shiru.

A lokacin kullen korona na ɗauki darasin a gidanmu na Sabo, 'yata Bilkisu tana riƙe mini da waya. Ciwon asma ya yi ajalinta kafin a buɗe makarantu. Wayar an zare mini ita a tashar Ojoo, saboda haka kwafin da ke kwamfutar makaranta kaɗai ya rage mana na muryarta.

Tun daga kullen ba a sake buɗe ɗakin gwaje-gwajenmu ba. An ce bidiyo ya wadatar. Yaran da ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, da kallo ake so su zama likitoci.

Na tambayi abokin aikina mai kula da kwamfutoci.

Ya ce, “Ai ni na gyara, Malam. Wata ce take ta tari a ciki, yara suna dariya. Yanzu ya fita tas.”

Na ce, “Na asalin fa?”

Ya ce, “Na goge, wuri ya cika.”

Na yi masa godiya, na koma aji na ƙarasa bayanin yadda huhu yake karɓar iska.

A makon nan mahaifiyar Bilkisu ta ce in kwafo mata bidiyon, yanzu tana jin za ta iya saurara. Jama'a, da wace kalma zan fara mata bayani?