Baba Mijinyawa, Wanda Ya Wanke Shahon Ɗan Iya

Shekara talatin da ɗaya, da gari ya waye Baba Mijinyawa zai ɗaure akwatin magani a bayan kekensa ya fita yi wa kaji allurar rigakafi. Daga unguwar Wunti a Bauchi ya wuce Ɗan Iya, ran Laraba ya leƙa matan sojoji a barikin Shadawanka. Watan jiya ciwon gwiwa ya ajiye shi.

Allura kowa zai iya koya. Idonsa ne ba kowa ke da irinsa ba. A wurinmu duk tsuntsu mai farce da lanƙwasasshen baki shaho ne, shi ke nan. Shi kuwa a ruga ya tashi, ya san su ɗaya bayan ɗaya. Matan Wunti sun ce yakan ɗaga kai, allura a hannu, ya ce a ƙyale kajin, wancan fara yake nema. Wata rana kuma ya ce maza a kife 'yan tsaki da kwando. Wadda ta yi jinkiri takan rasa ɗaya.

Bazarar bara 'yan tsaki suka riƙa ɓacewa a wani layi a Ɗan Iya. Aka hango sheƙar shaho a kan maɗacin ƙofar gidan Hamsatu, wadda tun rasuwar mijinta take suyar masa a inuwarsa tana ciyar da 'ya'ya biyar. Maƙwabta suka kai ƙara wurin mai unguwa, aka sa Asabar za a sare bishiyar. Hamsatu ta san babu mai zaman cin masa a tsakar ranar Bauchi.

Ran Asabar mai zarto ya iso ya tarar da keken Baba jingine da gindin maɗacin. Obadiya, tsohon soja da ya rasa 'yan tsaki goma sha huɗu, ya tambayi Baba ko yanzu har shaho yake yi wa allura. Aka yi dariya. Baba ya bari ta lafa, sannan ya tambaye shi launin ƙafar ɓarawon. Obadiya ya ce rawaya ce, idonsa ja, sau uku ya gan shi.

"To Samanja, ɗaga kai," in ji Baba. "Wancan ƙafarsa ja ce. Dubi maƙogwaronsa, fari ne da baƙin layi a tsaye. Ɓarawonka ba shi da layin nan."

Obadiya ya ce ai duk ruwan toka ne, ƙirji zane-zane. Baba ya ce sojoji ma kaki ɗaya suke sawa, amma bai taɓa jin ya ɗauki kofur a matsayin kanar ba. Sai ya karɓi tsintsiyar Hamsatu ya share ƙarƙashin sheƙar, ya tara abin da ya faɗo: jelar ƙadangare, ƙashin ɓera, guntun fatar maciji. Babu gashin tsako ko ɗaya.

Mai unguwa ya juya tarin da sandarsa, ya sake juyawa, ya sallami mai zarto. Obadiya ya tsaya ƙyam ya sara wa Baba a gaban kowa. Hamsatu ta zubo wa Baba masa da miyar taushe.

"Baba, ko loma ɗaya."

Ya ce kajin Wunti na jiransa, ya hau keke. Washegari ya dawo ya koya wa layin kife 'yan tsaki har su yi wata guda. Ɓatan ya tsaya.

Kai ne, Baba, ka tsaya wa tsuntsun da bai san an tuhume shi ba. Kai ne da tsintsiya ɗaya ka bar wa marayu biyar inuwa. Mai ido a sama, hannu a akurki, mun gode. Allah Ya ba gwiwarka lafiya.

Yanzu kullum yana zaune a ƙofar gidansa a Wunti, kuma ba ya ƙin tambaya. Masu kiwon kaji, ku je ku zauna kusa da shi, ku ɗaga kai inda ya nuna. Watarana a layinku za a kawo zarto, kuma dole a samu wanda zai tambayi launin ƙafa.