Duba Ɗaya a Hanyar Jidda

Har yanzu in na ji ƙugin tirela a bayana, tafin hannuna jiƙewa yake yi. Makullin mota yana nan kan teburi kusa da ni, a falonmu na unguwar Shisha a Makka. Amma na kai Baba Jidda, kuma ni na tuƙa. Wannan nake so in rubuta tun yana da ɗumi a raina.

Baba direba ne tun kafin a haife ni. Kakanmu ya zo Hajji daga Kano ya zauna, Baba kuma a nan ya buɗe ido. Ya yi tasi tsakanin unguwar Rusaifa da Harami shekara da shekaru, in lokacin Hajji ya zo ya karɓi bas ya yi ta jigilar alhazai zuwa Mina. Ba ya shan taba, ba ya zaman gahawa. Bayan ibada da mu, abu ɗaya ne ya shiga ransa ya zauna: wani ɗan ƙwallo ɗan ƙasar Sifen. A gidanmu ba a kiran sunansa. Baba "mutumina" yake ce masa, mu kuma mu ce "mutumin Baba".

Ina firamare Baba ya fara ganinsa a talabijin. Yaro ne siriri, gajere, rigar ta yi masa yawa, yana buga tsakiya a kulob ɗin garinsu. Ba ya gudu kamar sauran, kuma da wuya ya zura ƙwallo a raga. Umma takan wuce da tiren shayi ta tsaya ta ɗan kalla.

"Shi wannan naka ko ci ba ya yi. Me kake gani a jikinsa?"

"Ki bar kallon ƙafarsa, Hajiya. Wuyansa za ki kalla."

Ni ce na fara kallon wuyan, don ni ke zama a gefen Baba. Kafin ƙwallo ta iso shi, sai ya waiga ta kan kafaɗa, sau ɗaya tak, kamar wanda aka kira daga baya. Kafin ta taɓa ƙafarsa ya riga ya san wa ke tahowa da inda zai aika ta. Baba yakan buga cinya ya ce, "Direba ne wannan! Wallahi da a Mina yake, bas ɗin gaba za a ba shi."

Haka muka bi shi. Babban kulob ya saye shi, muka koma kallon babban kulob. Ranar da aka fara kiransa tawagar ƙasarsu, Baba ya shigo da gasasshiyar kaza biyu da shinkafa ya ce walima ce. Umma ta ce, "Ko ɗan ƙanenka ne ban sani ba?" Ta dai ci kazar.

Ina sakandare aka karya shi. Wani mai tsaron baya ya shigo masa ta baya, ƙafar ta lanƙwashe inda ba ta lanƙwashewa. Ana gab da babbar gasa, ƙasarsu ta tafi ba tare da shi ba. Baba ya kashe talabijin, ya daɗe bai kunna ba. Na ji shi yana sa yaron a addu'a bayan sallah. Umma ta ce, "Kana yi wa wanda bai san da zamanka ba addu'a." Baba ya ce, "Wanda nake roƙo ai Ya san da zamansa."

Da ya warke ya dawo fili, Baba ya kira ni daga kicin. "Zo ki gani. Wanda aka taɓa karyawa ta baya, in ya dawo waige yake yi ta yi, har ƙwallo ta wuce shi. Mu ga mutumina." Aka aiko masa da ƙwallo. Ya waiga sau ɗaya. Akwai ƙato yana tahowa a guje, ya gan shi, ya miƙa ƙwallon gefe, ƙaton ya wuce fuu. Baba hularsa kawai ya gyara. Daga baya ƙasarsu ta ɗauki kofi da shi a tsakiyar fili, kuma a ranar Baba ya sauka daga bene ba takalmi, ya shiga tasinsa ya yi ta danna oda har maƙwabcinmu ya leƙo ya tambaya ko haihuwa aka yi.

Na gama sakandare a daidai lokacin da mata suka fara tuƙi, a daidai lokacin kuma da suga ya fara cin idon Baba. Da ruksarsa, wato lasisin tuƙi, ta ƙare, likita ya ƙi sa hannu a sabunta. Yayana yana aiki a Riyad, sai hutu muke ganinsa. Baba ya bar tasi, ya riƙe ƙaramar farar motarsa, ya ce ni zan gaje shi. A Mina ya koya mini, lokacin da ba Hajji ba, tituna fetal, fararen tantuna jere ba kowa sai kyanwoyi. Darasinsa ɗaya ne, ya maimaita shi har na gaji: "Madubi, kafaɗa, duba ɗaya, ki yanke. Kamar mutumina." Na samu ruksa. Na zama mai kai shi asibiti, mai kai Umma kasuwa. Ina jin kaina sosai a lokacin.

Sai ranar nan. Ina kan hanyar Jidda ni kaɗai, za ni wurin Gwaggo, ƙanwar Baba. Kusa da inda hanya ke rabewa, inda allo ke nuna wa waɗanda ba Musulmi ba su kauce, wata tirela ta taɓa ni ta baya. Taɓawa ce kawai a wurinta. Ni kuwa motar ta juya da ni, na ga sama, na ga dutse, na ga gaban tirelar ya cika gilashi, sannan ƙarfen gefen titi. Ƙashin kafaɗata ya tsage, goshina ya samu ɗinki. Kowa ya ce na auna arziki. Aka gyara motar, aka dawo da ita ƙasan bene.

Kafaɗa ta warke. Na sauka wata safiya na zauna a kujerar direba, na tayar da motar. Idona ya je madubi ya maƙale. Babu komai a bayana sai bangon gida da kwandon shara, amma na kasa ɗauke ido. Na kashe, na hau sama, na shige banɗaki na yi kuka. Daga nan ban sake ba. Ƙura ta rufe motar, yaran unguwa suka yi ta zane a gilashinta da yatsa. Baba ya koma tsayawa bakin titi da sandarsa yana tare tasi zuwa asibiti, shi da ya ɗauki rabin Makka a motarsa. Bai taɓa ce mini komai ba. Da ma faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi.

A cikin wannan hali labari ya zo cewa mutumin Baba ya tsufa da wasan Turai, ya sa hannu da wani kulob a nan Saudiyya. Umma ta ce, "To ga ɗanka ya zo, sai ka gayyato shi shan shayi." Baba ya yi dariya ya ce, "Ai ba zai iya shigowa Makka ba, Hajiya. Allon nan zai mayar da shi. Mu ne za mu je masa." Ba a daɗe ba ya sanar zai ajiye takalmi, kuma wasansa na ƙarshe a Jidda za a yi. Yayana ya turo mana tikiti biyu ta waya, amma bai samu hutu ba. Baba ya ce ba komai, akwai tsohon abokin aikinsa da zai kai mu.

Ana saura kwana kaɗan, ina kicin na ji shi yana gaya wa Umma a hankali cewa ya samu mai sayen motar, zai zo washegarin wasan. "Tana tsaye tana tsorata yarinya kullum in ta leƙa taga. Gara a kawar." Na tsaya da cokali a hannu. Motarsa ta ƙarshe ke nan. Na kuma san in ta tafi, tuƙina ya tafi da ita.

Ranar wasan, bayan la'asar, Baba ya saka farar jallabiyarsa ya ɗauki waya zai kira abokinsa. Na ɗauko makulli daga ƙusar da ke bayan ƙofa. Ƙarar makullin ya ji.

"Ya binti, 'yata, ba dole."

"Na sani, Baba. Yalla, kar mu makara."

Umma ta sauka da bokiti da tsumma ta wanke gilashin da kanta, ta tofa mini addu'a a ka, ta tura gorar zamzam ta taga.

Cikin Shisha na lallaɓa. Titunan na sani, fitilun na sani. Baba ya jingina ya harɗe hannu kamar fasinjan da ya biya kuɗinsa. Da muka fita gari muka zo inda za a hau babbar hanya, sai na ji ƙugin. Na kalli madubi. Tirela. Idona ya maƙale, ƙafata ta saki mai, motar ta fara ja da ciki. Na baya suka hau oda.

"Ni ba na gani," in ji Baba, muryarsa kamar yana tambayar gishiri. "Ke ce idona. Me ke akwai?"

"Tirela, Baba."

"Kusa ko nesa?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"Sau nawa kika duba?"

"Ban daina ba."

"Shi ya sa. Mayar da idonki gaba. Gaba na ce, uwata. Me kike gani?"

"Titi."

"Madalla, yana nan inda na bar shi. Yanzu duba ɗaya."

Na waiga ta kan kafaɗar da ta tsage. Tirelar tana can baya, akwai fili tsakaninmu da zai ɗauki bas. Na dawo da ido, na taka, motar ta shige layi. Na ji wani sauti ya fito daga bakina, ban san kuka ba ne ko dariya.

"Halas, shi ke nan," in ji Baba. "Kin bayar da ƙwallon."

Mun wuce wurin. Na gane sabon ƙarfen da aka sa a gefen titi, ya fi sauran haske. Ban gaya wa Baba ba, amma daidai nan na ji yana salati ƙasa-ƙasa, ashe a jikinsa yake ƙirga hanyar. Da muka ɗan yi nisa ya ce, "A wannan gudun naki, mutumina zai yi ritaya ya aurar da 'ya'yansa ba mu isa ba." Na ƙara mai. A wani gidan mai na tsaya na fita na amayar da abincin rana, na kuskure baki da zamzam ɗin Umma, na koma na zauna. Baba ya yi kamar bai ji ba.

Ban taɓa shiga filin ƙwallo ba sai ranar. Na riƙe hannun Baba muka hau matakala zuwa wurin iyalai. Ya ce shi kore kawai yake gani da launuka suna yawo, sai in riƙa faɗa masa. Mutuminsa yana benci. Aka tafi hutun rabin lokaci ba a sa shi ba, Baba ya yi ta mita yana kiran kocin da sunayen da ba zan rubuta ba. Bayan an dawo sai fili ya ɗauki ihu, kowa ya miƙe. Ga shi nan a bakin layi, gajere kamar yadda na san shi, gashin gaban kansa ya tafi.

"Ya shigo, Baba!"

"Ki kalli wuyansa."

Aka aiko masa da ƙwallo a tsakiya. Wani matashi ya taho masa ta baya da gudu.

"Ya waiga!"

"Sau nawa?"

"Ɗaya."

Ya zura ta tsakanin mutum biyu, ɗan gaba ya tarar da ita a gaban raga ya doka. Ban ma ga shigarta ba, don Baba ya riga ya ƙanƙame ni yana tsalle, hularsa ta faɗa kan matar da ke gabanmu. "Direba!" yake ta ihu da Hausa a cikin Larabawa. "Direba ne!" Matar ta miƙo hular tana dariya. Da aka tashi, abokan wasansa suka ɗaga shi sama, ya zagaya fili yana ɗaga hannu. Ya zo ta ɓangarenmu, na ɗaga hannun Baba na nuna masa saitin da zai yi wa bankwana.

A gidan Gwaggo muka kwana, da safe na tuƙo mu gida. Hannuna ya jiƙe sau biyu a hanya, sau biyu na goge a abayata na ci gaba. Muna shiga layinmu wayar Baba ta yi ƙara. Mai sayen mota ne, ya ce yana ƙasan bene. Na hango shi tsaye a daidai gurbin da motar ta daɗe tana ciki, yana waige-waige.

Baba ya sauke gilashi. "Ka yi haƙuri, ɗan'uwa, ka ɗan matsa. Direbata za ta faka."