Tsagen Gwaggo

Shekara goma sha tara ina koyar da zane a wata ƙaramar sakandare a Isa kafin a kawo abin da ya mayar da ni ɗan koyo. Kwamfutocin hannu ne guda shida a cikin kwali, da majigi ɗaya, da farantin sola da aka kafa a kan rufin ofishin shugaban makaranta. Yara suka sa musu suna babbar waya, sunan kuwa ya bi su. Aka ce kowane malami ya riƙa shiga aji da su, har da ni mai alli da gawayi da takardar buhun siminti.

Raina bai so ba, ban kuma ɓoye ba. Ni mutum ne mai gajen haƙuri, abin da ban iya ba haushi yake ba ni tun kafin in taɓa shi. Hannun da yake zana da'ira a kan allo ba tare da ya tsaya ba, sai ga shi yana santsi a kan gilashi kamar mai tafiya cikin laka da silifa. In ja layi nan, ya fito can. In dafa gefen hannuna, shafin ya gudu. Sati biyu ina shiga aji da abin a hammata, ina fitowa da shi ban kunna ba.

Malamin lissafi ne ya gane ni. Bayarabe ne haifaffen Isa, sa'ana, kuma tunda akwai wasa tsakanin Gobirawa da Yarbawa, bai taɓa raga mini ba ko na yini ɗaya. Ya same ni a ɗakin malamai lokacin tara, na damƙe alƙalamin robar da ake zane da shi a kan gilashin ina huci.

"Bagobiri, wagga ba kibiya ba ta," in ji shi. "Sannu aka riƙon ta."

"Bawana, in ka gama surutu ka zo ka gwada ma ubangidanka."

Da haka ya koya mini, yana tsokana ina ramawa. Abin da ya kama ni a ƙarshe shi ne yadda ake ɗora shafi a kan shafi: ka ɗauki hoton abu, ka shimfiɗa wani shafi marar komai a kansa, ka bi layukan da alƙalami, sannan ka janye hoton, zanen ya tsaya shi kaɗai. Ranar da na gane wannan ban iya zama ba. Na ɗauki hoton ƙwaryar mai fura a bakin makaranta, na ɗauki hular masinja, na ɗauki faifai. Yara suka bi sassaƙar ƙwarya a kan gilashi suna rige-rigen karɓar alƙalami. Ni da nake zagin abin, sai ga ni ina zuwa makaranta kafin kowa don in same shi da caji.

Fuska ce kawai ban taɓa koyarwa ba. A wajenmu ba a cika son zanen mai rai ba, kuma ni akwai alkawari a kaina. Mahaifiyata ta rasu kafin a yi sunana, ƙanwar babana ce ta ɗauke ni, ita nake kira Gwaggo. Ranar da zan tafi kwalejin horon malamai, da ta ji abin da zan karanta, ta riƙe hannuna ta ce in zana ganye, in zana tukunya, amma kada in zana ɗan Adam. Na amsa mata, na kuma riƙe.

Wata rana ina tsaye a gaban aji sai na lura da abin da ya daɗe a gabana ban gani ba. Yaran nan galibinsu Gobirawa ne, amma babu mai tsage ko ɗaya, kumatu sumul. Ni ma ba ni da su, don an yi sunana cikin makoki, wanzami ya yi aski ya tafi, ba wanda ya tuna da tsaga. Malamin lissafi har kirana yake Bagobiri marar shaida. Na tambayi ajin layi nawa ake yi, daga ina suke tashi, ina suke ƙarewa. Wani ya ce biyar, wata ta ce goma. Nan take Gwaggo ta faɗo mini a rai. A gidanmu shida ake yi a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, daga gefen baki su baje zuwa kunne, kuma kowa ya san ba wanda nasa suka yi kyau kamar nata. Ba ta da hoto a duniya sai na katin zaɓe, wanda bai fi farcen babban yatsa ba, mayafi kuma ya rufe kumatun. Ta haura saba'in. Daga ranar na rasa sukuni, ina jin in ban ɗauko fuskar nan yanzu ba, ba zan same ta ba.

Ran Juma'a na karɓi izinin tafiya da babbar waya ɗaya. Malamin lissafi ya ce in kawo ya duba mini ita kafin in tafi. Na ce masa ɗaukar hoto dai ai ko yaro ya iya. Ya ɗaga kafaɗa ya ƙyale ni.

Gwaggo tana Unguwar Lalle, a gidan babana, tun da mijinta ya rasu. Hanyar ba kullum take da lafiya ba, direbobi sai rana ta ɗaga suke tashi, kuma ba mai yarda la'asar ta same shi a daji. Na isa ran Asabar wajen azahar, direban ya ce awa ɗaya zai yi ya juya. Na same ta a gindin rumbu tana tsince gero. Ban ko gama gaisuwa yadda ya kamata ba na faɗi abin da ya kawo ni.

"Mi za ka yi da huskata?" ta ce.

"Yara za ni gwada ma, Gwaggo. Ba su san tsage ba."

"Su tai su dubi kakanninsu."

"Ba zanawa za ni yi ba. Hoto na kawai."

Ta ci gaba da tsintar geronta kamar ba da ita nake ba. Ina tsugune, kunnena yana wajen tasha. Babana da yake kishingiɗe a kan tabarma ya ce mata, "Bar shi shi ɗauka mana. Ɗanki na." Sai ta ajiye faifan.

"Sau guda," ta ce. "In ka ɓata, kai kas sani."

Ta shiga ɗaki ta daɗe, har na fara zagaye tsakar gida. Ta fito da zanen da take zuwa suna da shi, ta sa kwalli, ta zauna a kan turmi. Sai ta tura kallabinta bayan kunnuwa da kanta, abin da ban taɓa ganin ta yi a tsakar gida ba. Na ɗauki gaba, na ɗauki dama, na ɗauki hagu. Rana tana dukan gilashin, ba abin da nake gani a ciki sai inuwar fuskata, tabarauna kuma na baro shi a Isa. Na ji ƙarar ɗauka sau uku, na ce shi ke nan. Na miƙa mata ta gani, ta kau da kai.

"Na san huskata. Shekara nawa nika ɗauke da ita?"

Direba ya fara danna ham daga nesa. Ta cusa mini ƙullin daddawa a aljihu, na fita ina gudu-gudu, ban ko waiwaya ba.

Ran Litinin na sa aka rufe tagogin aji, na kunna majigi, na yi wa yara dogon bayani a kan wanzamai da aska da yadda a da ake gane mutum da gidansu daga fuskarsa. Sannan na buɗo hoton, da alfahari ƙwarai. Fuskar Gwaggo ta cika bango. Idanun nata ne, kallabin nata ne, amma kumatun sumul suke kamar na budurwa, ba tamoji, ba tsage, sai wata 'yar inuwa-inuwa. Na buɗo na dama, haka. Na hagu, haka. Sai wata yarinya a layin gaba ta ce, "Malam, ina tsagen?"

Na danna duk abin da zai dannu. Gumi ya jiƙa mini riga. Na aika aka kira malamin lissafi, ya karɓa ya duba, ya nuna mini wata 'yar alama a kusurwa. Akwai abin gyaran fuska a jikin kyamarar, mai goge ƙuraje da tabo, 'yan matan wani aji ne suka kunna shi har ƙarshe suna ɗaukar junansu, suka bar shi a haka. Na ce to ya kashe shi tsagen su dawo. Ya ce ba sa dawowa, a haka aka ɗauka, sai dai in koma in sake. Ya faɗa a hankali, bai kira ni Bagobiri ba, bai tuna mini ya ce in kawo ya duba ba. Da ya tsokane ni da ya fi mini sauƙi.

Na kira wayar babana da yamma, ya miƙa wa Gwaggo. Na gaya mata gaskiya. Ta yi dariya har da tari.

"Wato injin ya maishe ni amarya? Ai na ce maka sau guda."

"Gwaggo, don Allah."

"Taho dai, mu gani."

Asabar ta farko aka ce hanya ba kyau, ba motar da ta tashi. Ta biyu na je tasha tun da safe, na zauna a mota har rana ta take, fasinja ba su cika ba, direba ya ce a sauka. Ta uku jarrabawa ta kama, aka sa ni tsaron aji. Kullum babbar wayar tana cikin jakata, na kashe abin gyaran fuskar, ina dubawa sau goma a yini ko ya kunna kansa. Matata ta ce na zama kamar mai jiran haihuwa, ba na zama wuri ɗaya, ba na gama tuwo. Ran wata Laraba ina raba takardun jarrabawa aka kira ni waje. Gwaggo ce, zazzaɓi ne na kwana uku, ba su gaya mini ba don kada in taso a kan hanyar nan. Kafin in samu mota in isa, an dawo daga maƙabarta.

Da aka yi hutu na roƙi shugaban makaranta ya bar mini babbar wayar. Na buɗe hoton na shimfiɗa shafi a kansa, na ɗauki alƙalami. Alkawarin ya tsaya mini a rai, sai na ce wa kaina ba zana ta zan yi ba, nata zan mayar mata. Ban tabbata ta yarda da wannan hujja ba, har yau ban tabbata ba.

A nan na gano abin da ya fi ɓata hoton ciwo. Shekara arba'in da ɗoriya ina kallon fuskar nan, ni da nake cika baki da ido, amma na kasa tuna ko bakwai ɗin a dama suke ko a hagu. In rufe ido in ga tana dariya, in ga tana faɗa, amma layukan ba sa tsayawa in ƙirga su. Na ja, na goge, na sake ja. Na riƙa zuwa kasuwar Isa ina ƙura wa tsofaffin mata ido, har wata mai kuka da kuɓewa ta tambaye ni ko na ɓatar da uwata ne. Na ce mata e, sai ta juya mini kuncinta na duba. Na kusa wata guda a kan aikin. Da na gama, layukan sun fito tsaf, kowane ya tashi daga inda ya kamata ya sauka inda ya kamata. Malamin lissafi ya gani ya ce ba mai cewa ba a haka aka ɗauka ba.

Na kai wa babana bayan an yi arba'in. Muka shiga zaure inda ba hasken rana, na riƙe masa, ya matso da fuskarsa dab da gilashin don idonsa ya yi rauni. Ya daɗe yana kallo.

"Bagobira ta," ya ce. "Amma ba ita ba ta."

Na juyo da gilashin na sake dubawa. Na ce ina na kuskure?

"Ranar da anka yi mata, ina tsaye, ina ɗan shekara bakwai. Ta zabura, askar ta goce. Guda ya rabu biyu nan ƙarƙashin kunne. Kai ba ka san shi ba? Shekara biyu kana goye bisa bayanta, shi kaka kallo."

Ban san shi ba. Na nemi abin a kaina ko'ina, babu.

Ya ɗaga yatsa ya ɗora a kan kuncinta na hagu don ya nuna mini. Shafin zanen yana buɗe, sai layi ya biyo yatsan, mai kauri, yana karkarwa, ya ratsa layukana masu kyau ya tsaya ƙarƙashin kunnen. Ya janye hannunsa da sauri, ya dube ni ko ya yi ɓarna. Na ce a'a, Baba, daidai ne, a nan yake ko?

Ya sake matsowa. Ya kalli layin nasa, ya kalli ɗaya kuncin, ya dawo. Leɓensa yana motsi kamar mai ƙirga.

"Nan na," ya ce. Can kuma ya ce, "Ko ƙasa kaɗan. Ban sani ba, ɗana. Da ina ganin ta kullum, ban taɓa dubawa ba."