Idan-Fa da Gangaren Gwaji

A masana'antar motocin da take aiki ba mai kiranta da sunanta na yanka. Idan-Fa ake ce mata, don da an gama yi mata bayanin wani sashe na mota sai ta ce, "Idan fa ya ƙi aiki?" A garejin mahaifinta, mai gyaran wayar mota, ta tashi, kuma tun tana ƙarama ba ta yarda da abin da ba ta gwada ba. Yanzu aikinta shi ne, kafin a fitar da sabuwar motar lantarki, ta zaƙulo duk wata matsala da ka iya cutar da mutum, ta auna muninta, da yawan aukuwarta, da ko direba zai iya shawo kanta.

Da aka zo kan wata ƙaramar motar kaya, abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur, motar kan rage gudu da kanta, tana mayar da wuta cikin batir. Amma da batir ya cika, sai riƙon nan ya saki ba zato.

"Ai sai ya taka birki," in ji babban injiniya. "Rubuta ƙaramin haɗari mu wuce."

"Ranka ya daɗe, a takarda kowane direba gwani ne. Ba zan sa hannu ba sai na gani."

Ya haɗa rai, amma ya ba ta kwana uku. Ta sa aka cika batirin motar, aka loda mata buhunan yashi, aka jera jarkokin roba a ƙasan gangaren gwaji, ta nemo direbobi ashirin ba tare da ta gaya musu abin da zai faru ba. Bakwai suka yi fatali da jarkokin. Har da dattijon da ake kira Baba Sitiyari, wanda ya fito yana share zufa.

"'Yata, shekara talatin ina tuƙi. Wallahi ƙafata ba ta kai ba."

Babban injiniya ya daɗe yana kallon jarkokin, sannan ya karɓi takardar ya gyara da hannunsa, ƙaramin haɗari ya koma babba. Aka sake tsarin ta yadda birki zai kama da kansa idan riƙon ya saki. Aikin ya ci wata biyu, wasu abokan aiki har gaisuwarta suka daina amsawa. Ba ta fasa gaishe su ba.

Ranar sake gwaji Baba Sitiyari ya ce shi zai fara. Motar ta gangaro a natse ta tsaya. Ya leƙo ta taga yana dariya.

"Saura goma sha tara, Baba," ta ce, ta ɗaga wa na biyu hannu.