Ranar da Aka Ji Gangar Nemesio

Nemesio Barragán mai gyaran fanka ne a birnin Veracruz, amma ka tambaye shi sana'arsa, zai ce maka makaɗi. Da ƙuruciya shi ke buga ganga a bayan Rutilio, mawaƙin da ya fara jona jita da lantarki a unguwarsu, yana murza ƙugu har fada ya yi wa'azi a kansa a coci. Abin da Nemesio ya fi tunawa da shi, juyowar da Rutilio yakan yi ana tsakiyar waƙa ya ce, "Sassauta, ɗan'uwa, ba kai aka zo gani ba."

Da Rutilio ya rasu, matarsa Doña Herlinda ta ce wasiyyarsa ɗaya ce: kada a kawo masa 'yan mariachi, makaɗan gargajiya, bakin kabari kamar kowa, tsofaffin yaransa su yi masa kiɗan rok. Nemesio ya bugi ƙirji. Ya zaƙulo Casimiro mai jita daga gidan 'yarsa, ya ɗauko Fidencio mai babbar jita, da sandarsa da maganin hawan jininsa. Ya aro lasifika, ya ƙirga wayoyi, ya sake ƙirgawa, har kujeru bai manta ba.

Aka ajiye akwatin a bakin rami. Casimiro ya ɗaga kan waya yana waige-waige.

"Shugaba, ina za a jona?"

Nemesio ya dubi gabas, kaburbura. Yamma ma kaburbura.

"Tambayi maƙwabtan mana," in ji Fidencio, "ko sa jawo mana daga ɗakinsu."

Doña Herlinda ta share hawaye. "Nemesio, alkawari ka yi mini. Ba mai zuba ƙasa sai Rutilio ya ji waƙarsa."

Haka suka fara. Jitocin nan suna ƙiris-ƙiris kamar ɓera cikin kwali, muryar Casimiro ta shaƙe tun baitin farko. Ganga kuwa ba ruwanta da lantarki. Nemesio ya saki hannu, tantabaru suka watse daga kan gicciye, jikoki suka kama rawa, Doña Herlinda tana kuka tana kaɗa kafaɗa. Da ya tsaya ta ce, "To, ku zuba."

Har yau idan yana ba da labarin a shago cewa yake, "Sai da mutumin ya mutu, wuta kuma ta ƙi samuwa, sannan aka ji ni. Na rantse ina bugawa ina satar kallon murfin akwatin, kada ya ɗago ya ce in sassauta."