Yadda Na Gyara wa Mama Ƙarshen Fim

Tun ina makarantar kwana aka san ni da ba da labarin fim. Ranar Asabar bayan wanki 'yan ɗakinmu sukan zagaye ni, in kwashe musu fim tun daga farko har ƙarshe, da muryar kowa, da kukan kowa. Inda ya yi tsawo in rage, inda bai yi mini ba in gyara. Ba wadda ta taɓa kama ni.

Bayan na gama sakandare na yi shekara biyu a gida ba abin yi, sai Mama ta nema mini biza na zo wurinta Doha. Nas ce a wani asibiti. A lokacin shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Babanmu, ita kaɗai take riƙe da mu. Ni ce 'yar fari, saboda haka ba ta kiran sunana, sai dai "ke". Hirarmu ba ta wuce abinci, coci, da karatun ƙannena da ke gida wurin kaka.

Ban cika wata uku da zuwa ba korona ta rufe gari. Muna zaune a unguwar Ain Khaled, cikin wani babban gida da aka yayyanka, namu ɗaki da falo. Da zafi ya shigo sosai Mama ta kamu a wurin aiki. Aka ce tunda bai yi tsanani ba ta killace kanta a gida. Ta shige ɗaki ta rufe. Ni ina falo. In ajiye mata abinci a kan kujera bakin ƙofa, in ƙwanƙwasa, in ja da baya.

A rana ta huɗu da yamma ta kira ni ta bayan ƙofa.

"Ke, idona ciwo yake, ba na iya kallon komai. Akwai wani fim a kwamfutata, shi kaɗai ne a ciki. Ki kalla ki ba ni labari. Ba an ce ke gwana ce ba?"

Na ji daɗi, don ba ta taɓa yaba mini wannan abin ba. Na kunna.

Abin da aka fara nunawa shi ne wata mata mai furfura, za ta kai sittin, kwance a gado da safe tare da wani dattijo, zane ɗaya ya rufe su, tana dariya har da hawaye. Na rufe kwamfutar da sauri na dubi ƙofar ɗaki, kamar Mama tana gani na ta cikin katako. Sai da na sa abin sauraro a kunne sannan na sake buɗewa.

Fim ɗin ba ya tafiya a miƙe. Daga gadon nan sai ya koma ranar da aka binne mijinta. Daga nan ya faɗa can baya, tana amarya, kwance tana kallon rufi shiru. Sai ya dawo kan dattijon, wanda ashe mai gyaran taga ne da ya zo aiki gidanta. Haka yake ta kai da komo. Kuma mijin nata ba mugu ba ne. Mutumin kirki ne, mai kawo cefane, mai raka yara makaranta, kamar Babanmu. Sai dai shekara talatin suna tare ba ta taɓa sanin cewa jikinta ma yana da abin da yake so ba, sai da ta tsufa.

Yaya zan buɗe baki in faɗa wa uwata wannan?

Sai na yi abin da na saba. Na miƙe shi. Na zauna a ƙasa, na jingina da bango kusa da ƙofa, na fara daga ranar aure.

"Daga nan aka fara?" in ji Mama.

"Eh."

"To, ci gaba."

Yamma uku muka yi a haka. Na ba ta aure, na ba ta haihuwa, na ba ta jinya da mutuwa. Wurin da amarya take kallon rufi na tsallake. Da mai gyaran taga ya shigo, na ce suna shan shayi tare suna hira.

"Shayi kawai?"

"Da biskit."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta lafa ta ce, "Kyakkyawa ne?"

"Mama, tsoho ne fa."

"Tsoho ba ya kyau? An gaya miki fuska ma ritaya take yi?"

Ban taɓa jin ta yi irin wannan maganar ba. Na ɗauka zazzaɓi ne.

A fim ɗin matar tana da 'ya mace babba. Ga yadda ya ƙare: uwar ta tsaya a kicin ta ce wa 'yar akwai wani mutum. 'Yar ta jawo kujera ta zauna, ta ce wa uwar ta ba ta labarinsa. Shi ke nan, aka sa rubutu. Ni kuwa a ganina wannan ba ƙarshe ba ne. A finafinan da na taso da su, wanda ya kauce sai ya dawo hanya kafin a tashi. Saboda haka na ce wa Mama 'yar ta kama su, ta fashe da kuka ta ce, yanzu kabarin Baba za ki wulaƙanta? Na ce uwar ta durƙusa ta roƙi gafarar 'ya'yanta, ta kori mutumin, ta koma coci. Na yi shi da kyau. Na yi muryar 'yar har tawa ta yi rawa.

Ta bayan ƙofa Mama ta tambaya:

"Haka aka gama?"

"Haka."

"To. Sannu da ƙoƙari."

Washegari da safe na ƙwanƙwasa, ba amsa. Na buɗe. Tana zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyinta, numfashi yana fita kamar ana jan ƙarfe a siminti. Leɓenta ya canza launi. Ban san da wane Turanci na kira motar asibiti ba. Mutane uku suka shigo cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, ba a ganin komai sai ido, suna ta "yalla, yalla", wato a yi sauri. Suka hana ni bin su. Ko kallona ba ta iya yi ba.

Wayarta ta rage a ƙarƙashin matashi. Da rana ta yi ta ƙara. Sunan da ke kai ba sunan mutum ba ne, "ɗakin gwaji" kawai ta rubuta. Na ɗauka, ina zaton labarinta za a ba ni. Sai na ji muryar namiji, babba, da Hausar wajenmu.

"'Yata, ke ce? Na ji an kawo ta. An sa mata na'urar numfashi, amma tana hannu mai kyau. Kin ci abinci?"

Ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a asibitinsu, matarsa ta daɗe da rasuwa. Tun daga unguwar Madinat Khalifa ya riƙa kawo mini shinkafa da ƙwai da burodi, ya ajiye a bakin get, ya koma jikin motarsa ya tsaya da takunkumi a fuska. Gajere ne, mai sanƙo. A zuwansa na uku ya ce daga can nesa:

"Ta samu ta yi miki maganar kafin ciwon ya tashi?"

"Wace magana, Baba?"

Ya sosa kai. "Au. To bari. Ta ce ba za ta ba ni amsa ba sai ta ji ta bakinki. Ta ce ba ta iya tambayarki kai tsaye, amma ta san hanyar da za ta bi."

Na ɗauki ledar na shiga gida. Ko kicin ban kai ta ba, na zauna a tsakar falo.

Kwana goma sha tara ta yi a can. Ni kaɗai a gidan, ni ma a killace. Duk motar asibitin da ta wuce sai in leƙa ta taga. Na riƙa tunanin idan ta mutu, magana ta ƙarshe da ta ji daga bakina ita ce, kabarin Baba za ki wulaƙanta. Na sake kallon fim ɗin, ba abin sauraro a kunne. A nan na gane abin da na ɓata, kuma ba ƙarshen kaɗai ba ne. Masu fim ɗin da dariyar suka fara, don duk abin da za ka gani bayanta ka auna shi da ita. Idan ka ga amarya tana kallon rufi, ka riga ka san yadda fuskar nan take in ta yi farin ciki, sai tausayinta ya kama ka. Ni da na jera aure, mutuwa, sannan namiji, sai ya zama labarin matar da ta lalace da tsufa. Labarin da aka jera haka kuwa da kansa yake neman hukunci. Tun yammar farko na yanke mata shi.

Ta dawo a rame, muryarta a dishe saboda bututun da aka zura mata. Ban tayar da maganar ba. Na ce a raina sai ta warware. Da ta warware na ce sai ta koma aiki. Kiran "ɗakin gwaji" kuwa ya daina shigowa wayarta.

Haka muka kai lokacin gasar cin kofin duniya. Na samu aikin wucin gadi a bakin tashar jirgin ƙasa, ina nuna wa 'yan kallo hanya. Wata rana cikin cunkoso wani ya tsaya gabana ya ce, "'Yata." Sanƙon na fara ganewa. Ya tambayi lafiyar Mama kamar ba asibiti ɗaya suke ba. Ya ce kwantiraginsa zai ƙare bayan gasa, gida zai koma gaba ɗaya.

Ranar hutunta ina yi mata kitso, tana zaune a ƙasa tsakanin ƙafafuna. Da yake ba ta ganin fuskata, sai na samu ƙarfin hali.

"Mama, fim ɗin nan na lokacin ciwonki. Ƙarya na yi miki. Ba haka ya ƙare ba."

"Na sani. Sau huɗu na kalle shi kafin ki zo ƙasar nan."

"Kunya na ji."

"Kunya ce ta sa kika ba su shayi da biskit, wannan na yafe. Amma ba kunya ce ta durƙusar da ita ba. Wannan ke ce."

Na saki gashin. "Na ga mutumin nan na ɗakin gwaji a tasha. Tafiya zai yi. Ki kira shi, Mama."

Ta ce, "Idan na kira shi, ke za ki faɗa wa ƙannenki? Da baffanninku? Da bakinki, ki ce kin yarda?"

Na buɗe baki. Sai na ga babban wan Babanmu zaune a ƙofar gidansa, na ga matan zumunta suna haɗa kai bayan an tashi coci, na ji abin da za su kira ta da shi. Wallahi eh nake so in ce. Amma na tsaya ina tunanin ta inda zan fara musu, kuma tsayawar ta yi tsawo.

"Kin gani," in ji Mama. Ta miƙo mini matsefi ta kan kafaɗarta. "Ƙarasa, gobe da safe nake da aiki."

Ya tafi bayan Kirsimeti. Ba ta raka shi filin jirgi ba, ranar ma ta karɓi aikin wata nas da ba ta da lafiya.