Irin Tafarnuwar Babanmu

Babanmu bai taɓa sayen irin tafarnuwa ba. Wanda yake shukawa a garkarsa ta bayan gari, kakanmu ne ya zo da shi daga Iferwan cikin jakar fata. Kowace shekara in an haƙe, sai Baba ya zaɓi manyan kawuna ya rataye a zaure, lokacin shuka kuma ya raba wa maƙwabtan garka kyauta. Da wannan aka san shi a Agadas, kuma ba ya ɓoye jin daɗinsa.

Sai kawunan suka fara ƙanƙancewa, ganyen na fitar da zane-zanen rawaya. Shekara uku ana haka. Ya zargi ruwan rijiya, ya zargi taki, irin nan dai bai taɓa zarginsa ba.

Ni lokacin ina aiki a ma'aikatar noma, da rawar kai irin ta sabon ma'aikaci. Wata abokiyar karatuna da ke aiki a laboratuwar, ɗakin gwaje-gwaje, a Yamai ta yi mini bayani cewa in birus, wato wata irin ƙwayar cuta, ya shiga shuka, shukar kan daddatsa shi gutsi-gutsi don ta kare kanta. Su kuma masu gwajin sai su karanta gutsattsarin da ke cikin ganye, wata manhajar ordinata, wato kwamfuta, ta harhaɗa su kamar fasasshen tulu, har a gane ko wace cuta ce. Ta ce in aiko da ganye.

Na roƙi Baba ya tsinko mini waɗanda suka fi lalacewa. Da safe ya miƙo mini ƙunshi, na buɗe na ga ganye kore shar, daga fangalin da ya ware domin iri.

"Baba, marasa lafiya na ce."

"Baƙuwa za ka aika ma," ya ce. "Ni ban ba baƙo lalataccen abu. Mi za ta ɗauke mu?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma motar Yamai ba ta jiran kowa. Na aika haka nan, ina gunaguni an yi aikin banza.

Bayan makonni ta kira ni. An sami birus a ganyen, kuma ba iri ɗaya ba. Ta ce cutar cikin ƙwayar tafarnuwar take zaune, tana bin iri daga shekara zuwa shekara, babu feshin da ke fitar da ita. Da rawayen ganyen Baba ya ba ni, da mun ce korayen lafiya lau suke.

Na same shi a garka bayan la'asar na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon ruwa na bin fangali.

"Wanda na ba mutane fa?"

"Har shi, Baba."

Na ce mu sake iri a hankali, ba sai kowa ya ji ba. Har yau ina jin kunyar wannan magana. Bai ko dube ni ba. Ya wanke ƙafafunsa, ya gyara rawani, ya nufi garkar da ke gabas da tamu, ni kuma na bi shi a baya.

Mai garkar tsoho ne, shekara da shekaru yana karɓar iri a hannun Baba. Ya taso da fara'a yana yi mana maraba. Baba ya tsaya a bakin shinge, suka gaisa.

"Malam," ya ce, "na zo karɓar abin da na ba ka."